Ɗigon da Ya Ƙi Daskarewa

A Aboabo aka haife ni, gidan da firji ke ci da mu.
Inna na ƙulla ruwa a leda tun bayan Isha,
ta jera su sahu-sahu,
ta kwana da kunne ɗaya a jikin inji,
da ya yi shiru ta farka.
Addu'arta guda ce:
Allah ka bar mana wuta har ruwan nan ya kama.
Da kuɗin ƙanƙara aka saya mini biron farko,
da kuɗin ƙanƙara na zama dakta,
irin wanda ko ciwon kai ba ya dubawa.

Yanzu kullum sai in sauka a ƙofar jami'a
gumi ya riga ni isa,
in rufe wa ranar Kumasi ƙofa,
in zura rigar sanyi da safar hannu.
Aikina in hana ruwa
abin da Inna ta shekara talatin tana roƙa masa.

Ga sirrin da na biya kuɗin makaranta na sani:
ruwa ba ya daskarewa don sanyi kaɗai.
Sai ya sami mafari,
ɗan ƙura, ɗan tsagi, inda zai dafa,
kamar tsegumi mai jiran wanda zai fara.
Ni kuwa na shafa wa ƙarfe wani shafi
da in ka tsaga gashi sau dubu ya fi shi kauri,
na toshe duk wata madafa.

Sai mu ɗora ɗigo ɗaya, mu sauke awon sanyi.
Boakyewaa na riƙe da agogo,
tana tauna soyayyar ayaba a ɓoye cikin aljihu.
Minti goma. Arba'in.
Ɗigon na zaune kamar baƙon da ba a nuna wa tabarma ba.
Ran Talata ya kai awa uku da minti shida
kafin ya yi fari fat ɗaya,
ya fid da tsini a ka kamar albasa.
Muka yi ihu. Ni har na yi kabbara.

Da dare na sake karanta takardar.
Shekara biyu, albashi ba ya latti,
hatimin wata runduna a ƙasar da ban taɓa takawa ba.
Shafi na tara ya ce: fiffike.
Jirgi marar matuƙi, can sama inda gajimare ke cizo,
ƙanƙara ce ke nauyaya shi ta tilasta masa komawa gida.
Ni ne zan cire masa wannan uzuri.
Farfesa Owusu-Ansah ya ce, shafin nan zai ceci jirgin fasinja ma.
Gaskiya ne.
Wuƙa ma tana fere doya.
Amma akwai wani ƙauye da ban san sunansa ba
wanda mugun yanayi ne kaɗai katangarsa.

Ran Juma'a na je gida, an ɗauke wuta tun hantsi.
Inna na tsaye kan firji a buɗe,
ledoji sittin sun koma ruwa, ciniki ya narke.
Ta ce, Mutaru, kai da ka karanci sanyi,
ba ka da abin da zai sa ya kama da wuri?

Akwai, Inna.
Ƙurar nan ce dai, a juya mata fuska.
Sai dai babu mai hatimi da ya tambaya.

Ta laluba can ƙasa ta ciro guda ɗaya
mai sauran dutse a tsakiya,
ta ɗora mini a ƙeya kamar ina ɗan shekara bakwai.
Takardar sabunta aiki na cikin jakata.
Litinin suke so.
Na zauna ina jin ruwan na bin bayana.